Ƙasar Badarawa, Tsakanin Gagare da Bunsuru

Matafiyin da ya bar Gusau ya fuskanci arewa, in ya ci kimanin kilomita 60 ya sauka Kaura Namoda, zai ga ƙasa ta soma sauya masa kama tun bai tambayi kowa ba, domin manyan duwatsun da ya saba gani a wajen Tsafe da Kwatarkwashi sun ja da baya, fili ya buɗe, jigawa ta fara cin jar ƙasa, gawo da aduwa da magarya da bagaruwa sun yawaita a gonaki, kuka kuwa tana tsaye nan da can tana nuna inda mutane suka taɓa zama. Daga Kaura hanya ta rabu biyu. Guda ta bi ta Moriki ta nufi Shinkafi, ta zarce Isa da Sabon Birni a Jihar Sakkwato; ɗayar ta karkata gabas ta bi ta Zurmi, ta fita Jibiya ta shiga Katsina. Abin da ke tsakanin waɗannan hanyoyi biyu da gefensu, har zuwa iyakar Jamhuriyar Nijar, shi ne yankin da nake nufin bayyanawa, kuma na kira shi da sunan Badarawa saboda tsufan garin da kuma matsayin da yake da shi a zamanin ayari, tun kafin Shinkafi ta yi sunan da take da shi yau, tun kafin a yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato a 1996.

Wanda yake son ya fahimci mutanen wannan ƙasa, wajibi ne ya fara da ruwanta. Gulbi biyu ne suka ratsa ta: Gagare, wanda ya biyo ta gefen Kaura Namoda, da Bunsuru, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya biyo ta Zurmi. Su biyun suna gangarawa arewa maso yamma, su haɗu, su zama asalin Gulbin Rima, wanda ya karɓi ruwan Gulbin Maraɗi, ya wuce Goronyo da Wurno da Sakkwato, daga bisani ruwansa ya ƙare a cikin Kwara. Da damina, daga watan Yuni zuwa Satumba, gulaben nan sukan cika su batse, su malala cikin fadama, har ƙauyen da ake hangen rumbunansa daga wannan gaɓa ya zama sai da jirgin ruwa ko da gora ake isa gare shi. Da rani kuwa sai ruwan ya janye ya bar rairayi fari, shanu da jakuna da babura suna ratsawa, mata da yara suna tona ramuka a tsakiyar gulbi suna kwarfar ruwa mai sanyi da ƙwarya. Shekarar mutanen nan duka a kan wannan cika da janyewa take juyawa, kuma mafi yawan al'adunsu, in aka bi su a hankali, za a tarar ko dai tanadi ne don zuwan ruwa, ko kuwa cin moriyar abin da ya bari ne.

A kan tudu gero ne sarki, sai maiwa da dawa da wake da gyaɗa, da auduga wadda a da ita ce abin alfaharin yankin. Manomin jigawa ba ya son ruwan fari ya riske shi da iri a hannu, saboda haka da yawa sukan yi binne, wato su shuka gero a busasshiyar ƙasa tun hadari bai gama haɗuwa ba, su dogara ga Allah, in ruwa ya sauka ya tarar da iri yana jiransa. Akwai kuma girmamawar da suke yi wa gawo, wadda baƙo ba zai gane dalilinta da wuri ba. Itacen nan yana zubar da ganyensa da damina, lokacin da sauran itatuwa ke tofo, don haka ba ya hana shuka rana. Da rani kuma ya yi ganye ya yi 'ya'ya, dabbobi su taru a inuwarsa su ci su bar taki. Shi ya sa geron da ke gindinsa ya fi na ko'ina zangarniya, shi ya sa kuma dattijo zai iya yafe wa yaro laifuka da dama amma ba zai yafe masa saran gawon gona ba. Idan noma ya yi wa magidanci yawa, ko saurayi yana neman yardar surukai, sai a kira gayya: a raba goro, samari su fito da fartanya da galma, makaɗi ya biyo su da ganga yana kiran sunan kowa da na ubansa, mai gona ya ɗauki nauyin fura da tuwo, ba a biyan kowa ko kwabo, sai dai kowa ya san ranar da tasa ta zo za a fito masa. Wanda ya yi fice a wannan fage, ya tara damman da suka wuce na tsaransa, ya kuma iya ciyar da jama'a daga cikinsu, shi ake kai wa ga sarautar Sarkin Noma, kuma sarauta ce da ba a samunta da baki.

Fadama kuwa wata duniya ce dabam. Da damina shinkafa ce a cikinta, da zarar ruwa ya janye sai a shiga aikin rani: albasa, da taba, da rake, da dankali, da tattasai, da tumatir, da alkama a inda ta karɓa. Kakanni da jigo suke ban ruwa, sanda doguwa da aka ɗora bisa gwafa, guga a wannan kai, dunƙulen laka a wancan, mutum ya yini yana tsomawa yana juyewa cikin kwalbatin ƙasa. 'Ya'yansu yanzu injin ban ruwa suke tayarwa, amma tsarin fangali da rabon ruwa da sanin wanda zai sha da safe da wanda zai sha da maraice bai canja ba. A ganina wannan noman rani shi ne ya bambanta mutumin gaɓar Gagare da Bunsuru da ɗan'uwansa na tsandauri, domin yayin da wancan ke ɗaura kaya ya tafi cin rani birni, shi wannan yana da abin da zai riƙe shi gida, ya kuma ba shi kuɗin hannu a watannin da rumbu ke raguwa.

Inda ruwan ya maƙale a tafkuna bayan ambaliya, nan ake su. Tafkin da ke da suna ba a faɗa masa haka kawai, yana ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, shi ke hana kamu har kifi ya girma, shi ke sa rana, a yi shela a kasuwanni, mutanen ƙauyuka su hallara da koma da gora, a jira izininsa, sa'an nan a ruɗa cikin ruwa gaba ɗaya. Malamai sun daɗe suna yaƙi da abin da ke cikin wannan sana'a na tsafi da yanka wa iskokin ruwa, kuma galibinsa ya gushe. Abin da ya rage shi ne ƙa'idar kanta, ta cewa ruwa na jama'a ne, yana da mai kula, yana da lokaci, kuma ƙa'ida ce da mai hankali ba zai so ta gushe ba.

In kaka ta yi, aka yanke gero aka ɗaure dammai, sai gari ya cika da rumbunan laka masu hular ciyawa, waɗanda aka ɗora bisa duwatsu don tsoron gara da danshi. Kafin a zuba, a fitar da zakka, a aika wa limami da malamin makarantar allo da wanzami da maƙeri nasu, a kai wa gwauruwar da ba ta da mai noma mata. Buɗe rumbu kuwa haƙƙin maigida ne, shi ke fitar da dami ya ba mata su sussuka, kuma ana auna hankalin magidanci da yadda ya iya kai hatsinsa ga wata damina. Abincin yau da kullum tuwon dawa ne ko na gero da miyar kuka ko kuɓewa, da fura wadda matan Fulani ke kawo nononta kowace safiya, da kuma hoce, wainar dawa mai ɗan tsami da ake gasawa, wadda ba ta saurin lalacewa, saboda haka ta zama guzurin mafatauci da almajiri, har mutanen wasu ƙasashe suka mai da ita abin tsokanar Bazamfare. Da ƙarewar girbi ne kuma makiyaya ke sauka a gonaki, shanu su ci kara da harawa su bar taki, manomi ya ba da hatsi, Bafulatani ya ba da nono; akwai burtali da aka yanka wa dabbobi tsakanin gonaki, akwai mashaya da aka sani, in an yi ɓarna a je gaban hakimi da ardo a kimanta a biya.

Lokacin nan ne na wasanni. Samari da 'yan mata su shirya kalankuwa, a gayyato na ƙauyukan makwabta, a sauke su gida gida, a yi kwanaki ana kiɗa. 'Yan kokawa su fito da layu da guraye, 'yan dambe, waɗanda asalin wasan nasu na mahauta ne, su naɗe hannu da zare su bi gari gari suna neman abokin karo, makaɗan kalangu suna zuga su. Fulani kuma su yi sharo a bakin kasuwa, saurayi ya tsaya ƙirji a buɗe yana karɓar bulala ba tare da ya yamutsa fuska ba. A fada kuwa kiɗan kotso ne da na taushi, kuma ba a yin zancen kotso ba a ambaci Ibrahim Narambaɗa ba, mutumin Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda ta wajen mahaifiyarsa yake da jini a Badarawa, daga can ne kuma gadon kiɗa ya zo masa. Waƙarsa da ake kira Bakandamiya har yau ana nazarinta a jami'o'i, kuma wanda ya saurari Hausarsa ya saurari Hausar wannan yanki tsantsa, yadda tsofaffin Badarawa da Shinkafi da Isa ke furta ta a zaure.

Sai dai abin da ya fi jawo baƙo zuwa wannan ƙasa, jiya da yau, kasuwa ce. Kasuwar Shinkafi ranar Alhamis take ci, amma tun ranar Laraba gari ke cika, motoci daga Kano da Katsina da Sakkwato da ƙasashen kudu, mutanen Maraɗi da na ƙauyukan iyaka, Buzaye da raƙumansu da rawunansu, Fulani da garkunansu. A kara ake ganin tsarin da ya fi komai tsufa. Baƙon da ya kawo shanu ba ya sayarwa da kansa, yana da mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa in rigima ta taso. Akwai dillali da ke shiga tsakani, ya ji taya, ya koma ga mai dabba, a yi ta albarka ana ƙarawa har a sallama, ya karɓi la'adarsa. Mai masauki shi ne shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, shi ne kuma lamunin bashi in mai saye bai cika kuɗi ba, alhali babu takarda babu sa hannu, sai sunan gida da tsoron kunya. Masana sun yi rubutu mai yawa a kan irin wannan amana a zangunan Hausawa na Ibadan da Kumasi, amma a kasuwanni irin na Shinkafi ne tushenta yake. Ban da dabbobi akwai hatsi buhu bisa buhu, da albasa, da busasshen kifi, da tabarmi da igiya da faifan kaba, da fatu da ƙiraga, da kanwa da gishirin da a da ayarin Azbinawa ke saukowa da shi daga Bilma, su koma da gero da tufafi.

Wannan ciniki ba sabo ba ne, kuma muna da shaidar wanda ya gani da idonsa. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya taso daga Katsina zai je wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya biyo ta Zurmi, ya ratsa Dutsi da duwatsunta, ya sauka Badarawa ya tarar kasuwa tana ci maƙil da jama'a, auduga da albasa sun cika ta, sa'an nan ya wuce Isa ya faɗa dajin Gundumi, wanda ba ruwa a cikinsa, ga kuma tsoron harin Gobirawa, ayari ya yi tafiyar yini da kwana ba hutawa kafin ya fita. Kafinsa, a 1824, Hugh Clapperton na Birtaniya ya bi ta Zurmi a tafiyarsa ta ganin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Abin lura a nan shi ne, babbar hanyar da ta haɗa Kano da Katsina da Sakkwato ta cikin wannan yanki ta bi, kuma garuruwan da yau ake ɗauka lungu ne, a wancan zamani zangunan kan hanya ne, inda malami da manzon sarki da mafataucin goro ke kwana a unguwa guda.

Daga nan zance ya kawo mu ga kufai, wanda shi ne dukiyar yankin da aka fi sakaci da ita. Ruwayar Zamfarawa ta ce a Dutsi, cikin ƙasar Zurmi ta yau, sarakunansu na farko suka zauna, kuma har yanzu ana nuna wasu dogayen kaburbura a can ana danganta su da su. Daga baya suka gina Birnin Zamfara a wajen Isa, birni mai ganuwa da kasuwa da malamai, suka karɓi Gobirawa baƙunci yayin da matsin Azbinawa ya koro su daga arewa, suka ba su wurin zama a gonakin Alƙalin Zamfara, wurin da ya zama Alƙalawa. Baƙo ya yi ƙarfi ya fi mai gida, wajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, sarkinta ya gudu Kiyawa, gidan sarautar ya yi ta ƙaura har ya tabbata a Anka. Ba a yi shekara hamsin ba Alƙalawa ita ma ta faɗi a hannun jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1808, shi kuwa Shehu, Allah ya jiƙansa, tun kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804 ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kamar yadda ƙanensa Abdullahi ya ambata a Tazyinul Waraƙati. Cikin waɗanda suka ɗauki nauyin yaƙi a wannan fuska akwai Fulani Alibawa na Zurmi, kuma barden da ya fi shahara a cikinsu shi ne Namoda, wanda ya karya rundunar Gobirawa da Azbinawa kusa da Zurmi a 1806, ya halarci cin Alƙalawa, ya rasu a yaƙin Kiyawa, garin Kaura kuma ya ci sunansa.

Wanda bai karanta wannan tarihi a littafi ba zai iya jin sa a bakin maroƙa, domin sarautun yankin sun adana shi. Sarkin Kaura Namoda Sarkin Kiyawa ake ce masa, na Zurmi Sarkin Zamfara, na Moriki Sarkin Burmi, na Isa Sarkin Gobir, na Badarawa kuwa Magaji. Ga Sarkin Zamfara a Zurmi, ga kuma Sarkin Zamfara a Anka, na Anka jinin tsohon gida, na Zurmi jinin masu tuta, kuma kowannensu yana amsa sunan ba tare da ya ga ɗayan ya ƙwace masa komai ba.

Yadda mutanen nan ke ɗaukar kufai ya sha bamban da yadda Turawa ke ɗaukar nasu. Bahaushen Zamfara ba ya zuwa kango don kallo kawai. In kabarin malami ne ko na shahidi, ziyara zai je, ya tuɓe takalmi, ya yi sallama ga mazauna kaburbura, ya karanta Ƙulhuwallahu, ya yi addu'a, ya ba mai tsaron wurin sadaka ya juya. In kuwa kufan birni ne da ba a san shi da wani waliyyi ba, to ko dai a bar wa aljanu, a hana yara zuwa da tsakar rana, ko kuwa a sa masa garma, domin babu ƙasar da ta kai ta tsohon gari taki. Haka ganuwa ke narkewa kowace damina, manomi yana tono tsingaro da dutsen niƙa da ƙarafan kibiya yana watsarwa a bakin gona, marinar da ta yi shekara ɗari biyu tana cikewa da yashi. Ba na zargin manomin, don ba wanda ya taɓa nuna masa cewa abin da ke ƙarƙashin kunyarsa yana da wata daraja da ta wuce ta gero.

A nan ne tunanin Andalus ke zo wa mai karatu, domin ƙasa ce da almajirin Zurmi ko na Shinkafi ya san sunanta ko da bai san inda take ba. Tana kudancin Sifaniya, gulbin da Larabawa suka kira Wadil Kabir ya ratsa ta, ya bi ta Ƙurɗuba da Ishbiliya, tana da zafin rani da noman ban ruwa da itatuwan zaitun. Ishiriniyar da ake rerawa a masallatan Kaura da Moriki a daren Mauludi, Alfazazi ne ya tsara ta, haifaffen Ƙurɗuba wanda ya rasu a 1230. Alfiyyar nahawu ta Ibnu Malik ce, shi ma ɗan can. Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu suka yi hukunci da ita, Ibnu Asim na Garnaɗa ne ya wallafa. Mulkin Musulmi ya ƙare a can tun 1492, amma masallacin Ƙurɗuba da aka aza harsashinsa wajen 785 yana tsaye, fadar Alhamra a Garnaɗa tana tsaye, kuma jikokin waɗanda suka kori masu gina su, su ne yau ke gyara su, suna sayar da tikiti, har suna ƙayyade yawan masu shiga a kowace rana don kada ƙafa ta cinye daɓe. Gaskiya ne nasu dutse ne da tubalin ƙonawa, namu laka ce da ruwa ke ci, kuma ba wanda zai yi da'awar kufan Kiyawa ya kai Alhamra ƙawa. Amma auna ganuwa da zana taswirarta da kafa alama da rubuta abin da tsofaffi suka sani ba ya buƙatar dutse, niyya yake buƙata.

Akwai wani kufai na zamani da ya kamata a haɗa da su. A 1929 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi Funtuwa da Gusau ta tsaya a Kaura Namoda, nan ne ƙarshenta. Gyaɗa da auduga da taba da fatun yankin Sakkwato suka riƙa taruwa a tashar bisa raƙuma da jakuna, kamfanonin Turawa da Kwarori suka buɗe kantuna, Yarbawa da Inyamurai da Nufawa suka zo aiki da ciniki suka kafa Sabon Gari, ƙaramin gari ya zama mahaɗar ƙabilu. Jirgin ya daina zuwa yadda ya saba, tasha da ɗakunan ajiya sun tsufa, abin da ke kawo baƙi Kaura yanzu shi ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983.

Game da baƙunci, mutanen yankin suna kan tsohuwar ƙa'ida ta baƙonka annabinka. Wanda ya iso gari bai san kowa ba, masallaci zai nufa ko ƙofar mai gari, ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa ya sha fura ya huta. A zaure ake sauke namiji, ba ya wuce shi zuwa cikin gida sai in muharrami ne. Gaisuwa doguwa ce, a tambayi gajiya da iyali da ruwa da dabbobi, yaro ya durƙusa wa babba, a ce wa basarake ranka ya daɗe, a ce wa malami Allah gafarta malam, baƙon da ya san ya kamata kuma ba ya zuwa fada hannu rabbana, ko da goro ne ya riƙe. Ran da zai tafi a raka shi har bayan gari, a cusa masa albasa ko hoce ko ɗan zabo a kaya, in ya ƙi karɓa ya yi laifi.

Ba zai yiwu a rubuta wannan bayani a yi shiru a kan abin da ya sami ƙasar ba. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suka mamaye dazukan da ke tsakanin Zurmi da Shinkafi da Birnin Magaji, satar shanu ta zama kisa da ƙone ƙauyuka da sace mutane don fansa, gonakin nesa da gari suka koma saura, burtalin da ke haɗa manomi da makiyayi ya zama abin tsoro ga su biyun. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako mako, aka kuma yanke layukan wayar salula na tsawon makonni, Alhamis ta zo ta wuce a Shinkafi ba a kasa komai ba. Al'adun da na lissafa, da yawansu sun raunana saboda haka: kalankuwa tana son dare mai aminci, su yana son taron ƙauyuka, amanar mai masauki tana son hanyar da baƙo zai biyo. Tsofaffin da suka san iyakar ganuwar Kiyawa da sunayen ƙofofinta, da waɗanda suka san wane tafki ne na wane gida, wasunsu yanzu suna gudun hijira a Gusau da Kaura da Maraɗi, suna mutuwa da abin da ke kansu.

Saboda haka ina kira ga masarautun Kaura Namoda da Zurmi da Shinkafi da Moriki, da malaman kwalejin Kaura da na jami'o'in Gusau da Sakkwato, da kada su jira sai an gama samun zaman lafiya kafin su fara aiki, domin ɗaukar maganar dattijo a waya da rubuta ta ba ya buƙatar shiga daji, kuma waɗanda suka san labarin suna nan cikin gari a hannu. Kai kuma mai karatu, in Allah ya nufe ka da zuwa, ka zo bayan girbi lokacin da sanyi ya fara sauka, ka tambayi mutanen gari halin hanya kafin ka tashi, kada ka yi tafiyar dare, ka isa Shinkafi ranar Laraba, ka fara gaida fada kafin ka nemi a kai ka ko'ina.